Dutsen da Baba Shekari Ya Ɓoye

Ni ce Debby, 'yar farin Baba Shekari na unguwar Trikania. Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana kula da idon ruwan da ke cikin tsohon lambun shaƙatawa na bayan unguwarmu, wanda aka ce tun zamanin Turawa yake. Mu huɗu ya haifa, amma in ka ji ya ce "yarinyata", to ruwan nan yake nufi. Mun saba.

Da ya yi ritaya aka ba wani Ayuba aikin, mutum mai fara'a da bai taɓa yi wa Baba komai ba. Laifinsa ɗaya: mutane sun fara cewa ruwan ya fi haske a hannunsa. Ranar da Baba ya ji haka a bakin coci ko tuwo bai ci ba. Kishi ne tsagwaronsa, ba sai na sakaya ba.

Akwai abin da bai gaya wa Ayuba ba. A gindin wani tsohon ɓaure akwai faffaɗan dutse. Kafin ruwan farko na damina sai an ɗaga shi an kwashe yashin da ke ƙasa da hannu, in ba haka ba idon ya toshe. Baba ya ja bakinsa ya tsuke, yana jiran ranar da ruwan zai ƙafe a zo har gida a roƙe shi.

Damina ta sauka, aka yi ruwa uku, ba wanda ya zo. Wata Lahadi bayan coci ya ce ni da mahaifiyata, Mama Comfort, mu raka shi lambu shan iska. Mun san abin da zai je gani. A cikin Keke Napep har waƙa yake yi.

Muka tarar da ruwan yana ɓulɓulowa garau, 'yan biki na ɗaukar hoto a gefensa. Baba ya zagaya bayan ɓauren, ya ga tulin yashin da aka kwashe.

Ayuba ya taho da sauri ya rusuna. "Baba, sannu da zuwa! Na gode da saƙon nan fa. Ba don ku ba da na sha kunya."

"Wane saƙo?"

"Na dutsen mana. Mama ce ta zo tun watan Maris, ta ce ku kuka aiko ta."

Baba ya juya ya dubi Mama. Ita ko a jikinta, gyara ɗankwali take yi.

Ta ce, "Baban Debby, shekara talatin da ɗaya ina wanke wandonka mai laka. Ka ɗauka ban san inda kake kwaso ta ba? Kai ka ce 'yarka ce. Ni ban taɓa ganin uban da ke jiran 'yarsa ta mutu don a zo masa gaisuwa ba."

Baba ya nufi bakin ruwan. Ya tsuguna da farar rigarsa ta coci, ya kamfaci ruwan ya sha, ya daɗe a haka. Da ya miƙe, bai dubi Ayuba ba ya ce masa, "Akwai yashin da ka bari ta gefen hagu. Naɗe hannun rigarka in nuna maka."