Injiniyan Koki da Rijiyar da ta Tafi Dukawuya

Isiyaku ɗan unguwar Koki ne, kuma tun yana makaranta ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Da sojoji suka koma bariki, farar hula suka cika ofisoshi da kwamfutoci, sai kawunsa ya cusa shi sashen ƙididdiga na wata hukuma. Kwas ɗin sati uku ya yi, ya dawo da gilashin da ba na magani ba, ya ce daga yau sunansa Injiniya. Mahaifiyarsa Hajo kaɗai ta ƙi kiransa haka.

Shekaru suka ja, hukumar ta samu rijiyar burtsatse guda ɗaya tak. Aka ce unguwar da ta fi ƙishi tsakanin Koki, Kabara da Dukawuya ita za a haƙa wa. Lauratu, abokiyar aikinsa, ita ta bi gida-gida cikin rana tana tambaya, kuma lissafinta ya fito fili: gida sittin cikin ɗari a Koki ba su da ruwa, sun fi kowa. Aikin Isiyaku bai wuce ya umarci kwamfuta ta zana ginshiƙi uku ba, ɗaya ga kowace unguwa, kowanne da hawa biyu, shuɗi masu ruwa, ja marasa ruwa, sannan ta ɗora lambar kaso a kan kowane hawa.

Tun bai fara ba ya je majalisar ƙofar gida yana hura hanci. "Ku sayar da jarkokinku," in ji shi. "Ni zan kawo wa Koki ruwa."

Ranar da ya gama, Lauratu ta leƙa allon.

"Malam Isiyaku, ka duba fa. Kwamfutar ta jera kalolin daga sama, kai kuma ka jera lambobin daga ƙasa. Sittin ɗin Koki ya hau kan shuɗi."

Ko juyowa bai yi ba. "Malama, ke tambaya aka aike ki. Wannan ɓangaren na masana ne."

Haka ya kai takardar gaban kwamiti, da babbar riga sai ƙamshi. Su kuwa manyan, babu wanda ya dubi tsawon jan hawan. Lamba suka karanta. Koki, sittin suna da ruwa. Dukawuya, wadda ta fi su sauƙi, ita ta fito a sahun gaban ƙishi. Aka tafa masa, shi ma wawan ya taya su tafi, sai da ya ji an ambaci Dukawuya sannan hannunsa ya tsaya.

Aka haƙa rijiya a Dukawuya. Majalisa ta daina matsa masa wuri a tabarma, shi kuwa har yau cewa yake kwamfutar ce ta tsufa.

Wata safiya ya fito da jakarsa zai tafi ofis, ya tarar da Hajo a tsakar gida tana karkata randa, ko cikin moɗa bai fito ba. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta tura masa jarka biyu da ƙafa.

"Injiniya," ta ce, "ka san hanyar Dukawuya ai."