Hotunan da na yayyaga wa 'yata

Shekarun baya na yayyaga wa 'yata kayan karatunta, kuma da ana mayar da rana baya, wannan ranar zan fara mayarwa.

Tana karatun halayyar ɗan Adam a iniversite, can wajen unguwar Zogona. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta same ni a shagona na atamfa a nan Zango, riƙe da wasu zanannun hotuna. Ta ce, "Baba, aikin lakkol ne, malaminmu ya ba mu. Ka dubi kowanne ka ba ni labarinsa, duk abin da ya zo maka."

Na ce, "Ashe tatsuniya na tura ki koyo?" Amma na zauna, har da gyara hula. Hoton farko mutum biyu ne a kan benci, na ce wa da ƙane ne, ƙanen na shirin tashi. Na gaba wani ne tsaye a bakin ƙofa, na ce yana jiran wanda ba zai zo ba. Har hoton kwale-kwale da babu kowa a ciki sai da na saka masa ƙane.

Ta ajiye biro ta ce, "Baba, kullum kana cewa ka cire Baffa daga ranka. Ga shi nan a kowane hoto."

Baffan nata ƙanena ne. Mun saɓa kan wata magana da ba ta kai a faɗa ba, ya koma garin Bobo, na rantse ba ni zan fara kiransa ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke da na yanka wa ragon suna, ke za ki auna min zuciya da zanen Nasara?" Na yayyaga su a gaban masu saye. Ta durƙusa ta tsince guntayen, ba ta sake tayar da zancen ba. Damina na zagayowa ƙanena ya rasu, ban kira shi ba.

Abin da ke ƙona min rai har yau, ni ne mai cewa kada a saurari bakin mai saye, a kalli turmin atamfar da hannunsa ke yawan komawa kai. Da wannan na ci abinci duk rayuwata. Ranar da aka yi min irinsa, sai na kira shi rashin kunya.

Don Allah kada ku yi irin tawa. In an nuna muku inda hannunku ke komawa, ku bar takarda ta zauna lafiya, ku ɗauki waya.