Maƙerin da Ya Daina Jin Zafi

A gidanmu na Nasarawa, idan aka ɗauke wuta bayan magariba ba ma ƙorafi. Kakarmu, wadda muke kira Iya, takan jawo kurfoti tsakar gida ta jera masara a kan garwashi, mu kewaye ta. Har 'ya'yan maƙwabcinmu, mutumin Binuwai da ke aiki a masaƙar Kakuri, sukan shigo su zauna. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce har yau take tayar mini da tsigar jiki.

Ta ce an yi wani maƙeri da ya gaji da ƙuna. Sai ya tafi wurin wata tsohuwa a bakin kogi ya roƙe ta ta raba shi da jin zafi. Tsohuwar ta gaya masa cewa a jikin kowa akwai wasu siraran zaruruwa da ke kai labari daga fata zuwa kai. Tana iya yanke nasa, amma ba ta iya ƙullawa. Ya ce ta yanke.

Ya dawo gari yana kama ƙarfen da ya yi jawur a wuta da hannu, mutane suna tururuwar kallo. Ran nan yana hira a ƙofar maƙera, matarsa ta ji ƙaurin nama. Ta duba tukunya, babu komai. Iya ta rage murya ta ce, “Da ta leƙo, sai ta ga diddigensa a kan garwashi. Shi kuwa dariya yake ta yi.”

Bayan haka ɓeraye suka gane shi. Yakan farka da safe ya tarar yatsa ya ragu. Daga ƙarshe ya daina kwanciya, sai dai ya zauna da fitila yana gadin ƙafafunsa. Na tuna na naɗe nawa cikin riga, na tambayi Iya ko tsohuwar ta gyara masa. Ta ce a'a. “Zafin nan da kuke kuka da shi, aiko shi ake yi da gudu ya ce muku ku tashi. Maƙerin nan babu mai zuwa ya gaya masa.”

Na girma, na yi iyali, ciwon suga ya kama ni, ina wasa da magani. Wata rana na dawo daga kasuwa a ƙafa, na cire takalmi, sai matata ta tambaye ni jinin mene ne a kan siminti. Ƙusa ce ta huda takalmin ta shige tafin ƙafata ta dama. Ban san tun yaushe nake taka ta ba.

A asibiti wata nas 'yar Filato ta ce in rufe ido, in yi magana duk sanda na ji ta taɓa ni. Na yi ta jira. Da na buɗe ido, ashe ta daɗe da gamawa. Ta yi mini bayani a hankali: akwai wani sinadari, insulin, da ke bin jini yana umartar jiki ya karɓi suga, nawa jikin ya daina jin maganarsa, sugan da ya taru kuma ya lalata jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Raunin ya warke da ƙyar. Ƙafar dama ta yi shiru ke nan, kullum da safe sai na duba ta da madubi. Kwanaki jikata tana guje-guje ta take mini babban yatsan hagu, zafi ya harba har tsakiyar kaina. Yarinyar ta tsaya tana jiran faɗa. Na jawo ta jikina, ina ta maimaita alhamdulillahi.