Bappa Hamajoɗa, Mai Kwashe Kashin Ƙarfe

Da hantsi Bappa Hamajoɗa yake hura wutarsa a bayan kasuwar Jimeta, ya narka matattun injinan mota, ya zuba a yashi su zama faifan injin niƙa. Abokan sana'a suna yi masa tsiya wai hawainiya ta fi shi sauri. Ba su yi ƙarya ba. Ko ƙarfe ya narke ba ya zubawa sai dattin ya taso, ya sunkuyar da fuska kan tukunya, ya kwashe kashin ƙarfen tas da ludayi. A hanyar da narkakken ƙarfen ke bi kuma yakan haƙa ɗan gurbi, don abin da ya kuɓuce wa ludayi ya maƙale a nan.

Shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo Yola, injinan niƙa ba su huta ba, masu zubin ƙarfe suka shiga gaggawa. Rebeka, wadda ta baro gawar mijinta a Michika, tana niƙa a unguwar Mbamba faifai ya tarwatse, ya tafi da idonta ɗaya. Ba aikin Bappa ba ne, amma shi ta kawo wa gutsattsarin. Ya nuna mata baƙin dattin da ya daskare a cikinsu.

"Bappa, ido ɗaya ya rage mini, kuma yara suna jira na," in ji ta.

"Nawa faifan ba zai taɓa shi ba, in Allah ya yarda."

Bai taɓa shi ba kuwa har yau. Sai dai wutar da yake leƙawa ta cinye nasa idanun a hankali. Bana ya rufe rumfa. Ɗansa Muhsin Keke Napep yake ja, ludayin yana jingine yana tsatsa. Abin yana min ciwo.

Bappa, kai ne ka ba wuta idanunka don na wasu su tsira. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu zubin Jimeta, ku je ku zauna gabansa tun bakinsa yana magana. Faifansa na ƙarshe ne a injin Rebeka, haƙoransa sun fara cinyewa. Ta ce ranar da ya ƙare, ba ta san na wa za ta yarda ta sunkuya a kansa ba.