Kwalbar Man Gyaɗa a Tankin Baba

Ranar wata Alhamis ce a cikin watan cirar albasa, shekarar da na shiga aji biyu na firamare, na tsaya a zauren gidanmu da kwalbar man gyaɗa ɓoye a cikin zanena. Rana ta take, Baba yana fadama, Inna tana bayan ɗaki tana tuyar ƙuli, kaji ma duk sun lafe a ƙarƙashin rumbu. Na jawo turmi na taka, na murɗe murfin tankin babur ɗin Baba da hannu biyu, na juye kwalbar nan kaf, har na girgiza ta don kada ɗigo ya rage. Na mayar da murfi, na goge bakin tankin da gefen zane, na sauko ina ta murmushi ni kaɗai. Wallahi tunda aka haife ni ban taɓa jin na yi abin kirki irin na ranar ba.

Babur ɗin nan ya girme ni nesa ba kusa ba. Na yayan Baba ne, wanda ya yi aikin malamin gona a ƙasar Goronyo, kuma bayan rasuwarsa aka ɗoro shi a bayan mota aka kawo shi ƙauyenmu na ƙasar Rabah, aka jingine a zaure aka rufe da tsohuwar tabarma. Na buɗe ido na gan shi a nan, tayoyinsa a sace, sirdinsa ɓeraye sun cinye, wata baƙar kaza ta mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Mu yara a kansa muke zuwa Makka mu dawo da bakinmu, kafin a kore mu mu koma wasan 'yar carafke a ƙofar gida. Duk wanda ya shigo sai ya ce wa Baba ya sayar da shi ga masu sayen ƙarfe ya huta, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Bai mutu ba, kwana shikai."

Ranin da albasa ta yi kyau Baba ya tashe shi. Ba a rana ɗaya ba fa. Duk ranar kasuwar Gandi sai ya dawo da abu guda a aljihun rigarsa, yau fulogi, wani mako cen, wani makon wayar birki, har aka kai ga taya. Wani bakanike abokinsa, Kawu Nomau, yakan zo ya shimfiɗa buhu a zaure ya barbaza kayan injin a kai, ni kuma aikina in riƙe tasar da ake wanke su, in kore kaji kada su haɗiye noti. Ranar da ya tashi, ya cika zaure da hayaƙi, ƙauyen kaf sai da ya fito kallo, don duk garin babu wani babur sai shi. Baba ya je har birni ya sabunta takardunsa da inshora, ya naɗe su a leda ya cusa a ƙarƙashin sirdi. Yakan ce takardar ta masu tsaron hanya ce, inshorar gaske ita ce fulogi na biyu a aljihu.

To, abin da ya kai ni ga tankin nan kalma ɗaya ce. Da safen ranar ina share zaure na ji Baba ya girgiza babur ya ce wa Inna ya kusa shanye mansa, sai Asabar in ya kai albasa kasuwa zai saya. Ya ƙara da maganarsa ta kullum, irin ta mutanenmu da ke cewa "mai" a inda wasu ke cewa "masa": "Shi babur doki na, in ba ka zuba mai mai ba, ba ya kai ka ko'ina." Ni kuwa a duniyata mai ɗaya na sani, wanda Inna ke matsewa daga tunkuza. Na sha ganin fetur a bakin hanya cikin kwalabe irin nata sak, launin ma kusan ɗaya. Sai na ce a raina, kai, manya ma wani lokacin sai a hankali! Ga mai jere a ɗakin Inna, a ce Baba ya jira Asabar?

Murnata ba ta kai azahar ba. Inna ta shiga ɗaki ta ga gurbin kwalba ɗaya, ta fito tana tafa hannu tana salati. Inna mace ce mai haƙuri, amma a kan ɗauke-ɗauke ba ta da sauƙi ko kaɗan, ta gwammace ka fasa mata tukunya goma da ka ɗauki allurarta ba ka tambaya ba. Ta ce duk wanda ya ɗauka, in ta kama shi sai ya gwammace kiɗa da karatu. Ta dube ni ta ce, "Kulu, ba ki ga kowa ya shigo ba?" Na girgiza kai. A lokacin na fara gane cewa abin da na yi yana da wani suna banda kirki, sai na haɗiye maganar na koma ɓarar gyaɗa.

Dab da la'asar wutar murhu ta ja baya, Inna ta zaga bayan rumbu ta ɗebo kara. Ƙara ɗaya na ji ta yi. Kafin in isa ta zube a ƙasa tana riƙe da ƙafarta ta hagu, wani abu gajere mai zane-zane yana sulalewa cikin karan. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba da ke maƙwabtaka da mu, ta faɗo gidan ko mayafi babu. A wajenmu ba a kiran sunan abin nan idan ya yi ɓarna, sai ta leƙa ta katanga ta ƙwala ihu a kira Baba, igiyar ƙasa ta taɓa Inna. Amma kowa ya san kububuwa ce, kuma ko mu yara mun san ita ba a jan lokaci da ita, jini take sa mutum ya yi ta zubarwa. Allurarta sai asibitin Wurno. A amalanken shanu tafiyar wuni ce, a babur kuwa kafin a shanye ƙwaryar fura an isa.

Baba ya shigo a guje, taɓo har gwiwa. Ya girgiza babur ya ji abu yana motsi a tanki, ya ce alhamdu lillahi, ashe da saura. Bugu ɗaya ya tashi. Aka ɗora Inna a tsakiya, Gwaggo Hajo ta hau baya ta rungume ta, suka fita, mu kuma muka bi su da gudu. Har na fara jin sanyi a raina, ina cewa ga shi man nawa ya yi rana. Ba su wuce tsamiyar bakin fadama ba babur ya yi tari, ya saki wani farin hayaƙi mai kauri, ya mutu murus. Ashe ɗan fetur ɗin da ya rage a cikin kafireta ne ya kai su nan, yanzu nawa ya sauko.

Aka kwantar da Inna a inuwar tsamiya. Baba ya yi ta buga kik har takalminsa ya tsinke. Ya ciro fulogi ya ga ya jiƙe sharkaf, ya goge da riga, ya mayar, ya buga, shiru. Ya sa na aljihunsa, inshorar tasa, ita ma shiru. Ya buɗe tanki ya sunsuna, warin tsohon fetur ya ruɗe shi, ya rufe ya koma bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana neman inda wuta ta yanke. Maza sun kewaye shi kowa da shawararsa, wani ya ce a tura, aka tura har sau uku. Wani tsoho ma ya ɗaga hanci ya ce shi fa ƙamshin tuya yake ji, aka ce masa ya yi wa mutane shiru, ana ta rai yana ta ƙosai. Ni ina tsaye a bayan Gwaggo Hajo, duk taron nan ni kaɗai na san abin da ke cikin tankin. Na ji ladan ya kira la'asar, na ce bari ya gama in faɗa. Ya gama, ban faɗa ba. Tsoro nake ji, ba na duka ba, tsoron Inna ta ji da kunnenta cewa ni ce ɓarauniyar, kuma ƙarya na yi mata. Ƙafarta ta kumbura har ƙauri, ta yi baƙi tana sheƙi.

Sai Inna ta tofar da yawu, na ga ja a cikinsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ni niz zuba mai mai." Bai ko juyo ba, ya ce in matsa in ba shi wuri. Na kama rigarsa na ƙwala da ƙarfi, "Man Inna na! Na gyaɗa! Kwalba guda!" Baba ya dube ni da wasu idanu da ban taɓa gani ba, hannunsa ya ɗaga sama, na runtse ido. Hannun bai sauka a kaina ba. Da na buɗe ido ya riga ya tsugunna ya fizge tiyon tanki, man Inna yana zuba a ƙasa a hankali, rawaya, mai yauƙi.

Allah ya sa gonar Malam Jabbi, abokin noman Baba, tana nan kusa, kuma yana ban ruwa da inji. Ya kashe injin ya sheƙo da galan ɗinsa na fetur. Aka kwantar da babur aka tsiyaye tankin, aka ɗauraye shi, Baba ya kwance ƙasan kafireta ya wanke, ya ƙona bakin fulogi da ashana. A bugu na huɗu ya tashi yana ta aman hayaƙi mai ƙamshin ƙuli, babu wanda ya yi dariya. Suka tafi, na tsaya ina kallo har suka ɓace a bayan gonakin albasa.

Kwana tara Inna ta yi a Wurno. Ta dawo da ranta, amma ta bar yatsun ƙafa biyu a can, kuma ma'aikaciyar jinyar da ta kula da ita, wata 'yar Zuru, ta gaya wa Gwaggo Hajo cewa da an ƙara jinkiri kaɗan da labarin ya sha bamban. Na yi ta jiran duka, bai zo ba. Ranar da aka sallamo ta Baba ya kira ni zaure, ya ajiye kwalba biyu a gabana, ya sa na sunsuna kowacce har sai da na iya bambance su ido rufe. Sannan ya ce, "Man dai na san don so kinka zuba shi. Shirun hwa, Kulu, don mi?" Har yau da na haifi na kaina ban samo amsar da za ta ishe ni ba.

Yanzu babura sun cika ko'ina, sababbi fil, ba mai zaman gyaran tsoho, in ya gaji a yar a sayi wani. A da in muka ji ƙarar babur daga nesa guje-guje muke zuwa tarye, don mun san Baba ne. Yau a ƙauyukanmu in aka ji ƙarar babura da yawa, yara cikin gida ake turawa a rufe ƙofa. Baba ya rasu, babur ɗinsa ya koma jingine a zaure ƙarƙashin tabarma, takardunsa suna nan a ledarsu, kuma na hana a sayar. Inna tana wurina, ta tsufa, tana ɗingishinta. Idan ƙafar ta dame ta nakan zauna in ɗora ta a cinyata in murza mata tabon, ita kuwa ba ta fasa tsokanata ba, sai ta ce, "Shafa mai mai, Kulu, nan aka sa shi, ba tanki ba." Mu yi dariya tare. Ita ta daɗe da yafewa, ni ce dai har yanzu in ladan ya kira la'asar sai idona ya sauka a gurbin yatsun nan biyu.