Hanyar Cikin Gero

Wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, muna dawowa daga kasuwar Wudil ni da kakata Iya Talatu, bayan ta sayar da daddawarta. Ƙauyenmu yana can bayan Dagumawa, gero kuwa ya yi tsayi har ya rufe mutum. Muna tsallake wani kwari santsi ya kwashe Iya, ƙafarta ta gurɗe, ta kasa tashi. Babu kowa a gonakin, maza duk sun tafi masallaci. Ta dube ni ta ce, "Binta, maza je ki gida ki kira Kawu Sale ya zo da jaki." Na fashe da kuka, na ce ban san hanya ba. Ta ce, "Kin sani sarai. Ba ki dai taɓa shiga gaba ba ne."

Da gaskiyarta. Ko itace za mu je, ko kai abinci gona, Iya ba ta yarda mu bi ta kamar tumaki. Sai ta ja ta tsaya ta tambaye mu wace bishiya muka wuce, wanda ya kasa ya sha ranƙwashi. Takan ce, "Ku riƙa waiwaye, hanya tana sake kama in za a dawo."

Na share hawaye na kutsa. Na bar tsamiyar da tsawa ta tsaga a hannun hagu, na wuce wani dogon suri da na sani, ƙarar motocin titi tana raguwa a bayana. A wata mararraba na kauce, sai na ga ƙasa ta koma farin rairayi, na gane kogi na nufa. Na juya har na sake taka jar ƙasa. Na isa gida ƙafafuna duk ƙaya, kafin la'asar kuma Kawu ya shigo da Iya a kan jaki.

Yau 'ya'yana ba sa fita ko nan da can sai waya ta yi musu jagora. Bara za mu je ta'aziyya Lajawa, wayar ɗana Auwal ta kai mu bakin hanyar da zaizaya ta cinye, tana ta cewa mu miƙe. Na ce, "Kashe min ita." Na sauka na gaida wani manomi, ya kwatanta min da rimi da rijiya, muka isa. 'Ya'yan nawa suna dariyar tsohuwar taswirar jihar Kano da nake ajiyewa a mota, wadda ta sha liƙi da gam. Su yi ta yi, ba zan jefar ba, kuma ba zan bi muryar da ba ta taɓa taka ƙasar nan ba. Ina dai kewar lokacin da hanya take zaune a cikin kan mutum, ba a aljihunsa ba.