Wurin da Inna Ke Yayyafa wa Ruwa

Shekarar da aka sayar da gidanmu na Ƙanƙara kowa ya haukace da siminti. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, tifa sai kai da kawo take da yashi, duk wanda ya samu 'yar kwangila sai ya rushe ɗakin ubansa ya ɗora bulo da kwano. Baba ya rasu da rani. Kafin damina ta faɗi, yayana da ke aiki a masaƙa a Kaduna ya yanke magana: a sayar da gida, a raba gado, Inna ta koma wajensa. Ni ina aure a Faskari. Da na ce ban yarda ba sai ya ce, "To, ke za ki riƙa zuwa kina yaɓe soron duk shekara?" Haushi kamar in fashe, amma gaskiya ya faɗa.

Ranar da za a zo ganin gida na hau motar kasuwa na taho. Na tarar Inna ta share tsakar gida tas, har da turaren wuta, sai ka ce baƙin biki take jira. Da hantsi dillali ya yi sallama, wani gajere mai bakin tsiya. Yaya ya shigo da shi tare da mai saye, wani Alhaji ɗan kwangila daga Sabuwa.

Inna ta gyara mayafi ta shiga gaba tana nuna masu. Ita ba ta son a sayar, amma ba za ta tsaya a raina gidan mijinta ba. Ta dafa katanga ta ce, "Alhaji, dubi kaurinta, ko da bazara ba ka jin zahi a ɗakin ga." Ta nuna azara ta ce giginya ce, kakanmu ya ɗora ta, gara ta gwada ta gaji. Ta kai shi bakin rijiya ta ce ko a farin da ya wuce unguwa duka nan ta sha.

Wallahi mutumin nan ko ɗaga kai bai yi ya dubi azarar ba. Ƙasa yake kallo. Da ta gama ya ce, cikin ladabi kuwa, "Inna, gini kam babu abin saye, ƙasa ce, kwashe ta ma aiki ne. Hilin nake so." Ya tambayi Yaya ko lungun zai ɗauki mota idan an ture zaure. Dillali ya tattare riga ya soma auna gidan da ƙafa, daga katanga zuwa katanga, yana ƙirga da ƙarfi yana buɗa taki don gidan ya yi ƙanƙanta. Ina kallonsa, na san abin da yake yi, ba ni da bakin magana.

A bayan rumbu akwai wani ɗan wuri. A da, jaririn da ya koma tun yana cikin tsumma ba a kai shi maƙabarta, cikin gida ake sa shi. 'Ya'yan da Inna ta haifa bayana, su uku, duk nan suke. Babu wata alama sai 'yan fasassun tukwane da suka nutse cikin ƙasa. Ba mu taɓa wasa a wurin ba, ba a taɓa ɗaure akuya a wurin ba. Kullum da safe idan Inna ta yi alwala sai ta rage ruwa a buta ta je ta yayyafa. Dillali ya riga ya ja wa Yaya kunne kada a tada zancen, wai yana karya farashi.

Ta nan ya bi da ƙafafunsa masu kaushi, yana ƙirgarsa. Na ji Inna ta ja numfashi. Alhaji ya zo ya tsaya daidai wurin, ya dudduba, ya ce, "Yauwa, nan mota za ta riƙa kwana."

Ban san lokacin da na yi magana ba. "Alhaji, bisa ƙannena kake tsaye! Kaburbura ne nan!" Yaya ya harare ni, dillali ya hau salati kamar an mare shi. Ni kuwa da gangan na faɗa, so nake cinikin ya lalace, ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Alhaji ya ja da baya, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, duk muka shafa. Sannan ya juya ga Inna a hankali ya ce, "Allah ya sa masu ceto ne. Ki kwantar da hankalinki, na yi maki alkawali ba mai tona wurin ga. Siminti zan zuba bisa, mai kauri, ba abin da zai taɓa su har abada."

Da zagi ya yi da na san yadda zan yi da shi. Mutum ya yi maka kirki, me za ka ce? Inna ta ce, "Mun gode, Alhaji, Allah ya saka." Suka fita zaure, daga nan na jiyo Yaya yana cewa ya sallama.

Bayan ƙaramar salla na je Kaduna ganin Inna. Gidan haya ne, tsakar gidan duk siminti, ko inda kaza za ta yi tono babu. Da safe ta yi alwala ta miƙe da sauran ruwa a buta, ta tsaya tana waige-waige. Can ta ajiye butar ta dawo ta zauna kusa da ni. Ba ta tambaye ni rijiya ba, ba ta tambaye ni ɗakinta ba.

Ta ce, "Ke da kike wucewa ta can, an zuba?"

Na ce an zuba.

Ta murza gefen zanenta. Sannan ta ce, "In aka yi ruwan sama, yana ratsa siminti kuwa?"